Gwajin yatsa a madubin otal: ya isa, ko akwai abin da ya fi shi?

Maman Sadiya, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masana nake nema. Wata mai kamawa za mu aurar da ɗiyata a nan Birnin Kebbi, dangi za su zo daga Yawuri da Zuru da Gusau, gidanmu kuma ba zai ɗauke su ba. Mun yanke shawarar kama ɗaki shida a masauki, huɗu daga ciki na mata da 'yanmata ne. To ana ta turo wani bidiyo a WhatsApp cewa in ka shiga ɗakin otal ka ɗora yatsa a madubi: in akwai tazara tsakanin yatsan da hotonsa lafiya lau, in babu to ana kallonka ta baya. Shin gaskiya ne? Sannan kyamarar da ake ɓoyewa fa, yaya ake gano ta? Ɗana da ƙanwata ne za su je duba ɗakunan kafin baƙi su iso. Me za su riƙa, daga ina za su fara? 'Ya'yan mutane amana ne a hannuna.

Mai Gilashi na Jega:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Gwajin yatsa yana da tushe, amma ba ya yanke hukunci, kuma an ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Madubin da ake yankawa a shago gilashi ne mai kaurin milimita 3 zuwa 6, an shafa masa azurfa ko alminiyon a baya, an rufe shafin da fenti. Idan kika ɗora farce a fuskarsa, farcen yana gaba, abin da ke dawo da hoto yana baya, kaurin gilashin ya shiga tsakani. Shi ya sa ake ganin 'yar tazara. A madubi mai milimita 4 za ki ga kamar milimita 5 tsakanin farce da hotonsa. Madubin leƙe kuwa, wato wanda ake kallon mutum ta bayansa, shafinsa siriri ne ƙwarai, ba fenti a bayansa, wani kason haske yana dawowa wani yana ratsawa. Yawanci shafin yana fuskar da ke kallon ɗaki, sai farce da hotonsa su haɗe. Daga nan maganar ta samo asali.

Ga inda take karyewa. Akwai madubin gogaggen ƙarfe da ake sawa a wasu banɗakuna, shi ma ba tazara, alhali ko da fitilar mota ba mai gani ta cikinsa. Sai a tayar da rigima da masu masauki a kan banza. Madubin leƙe kuma in an juya shi, ko an liƙa masa wani gilashi a gaba, tazara za ta fito sarai. Wanda ya fi damuna shi ne madubi na gaskiya da aka kankare fentin bayansa daidai girman ƙwayar dawa, aka jingina idon kyamara a wurin. Wannan zai ci gwajin yatsa ko'ina aka taɓa.

Abin da ba ya ƙarya shi ne haske. Madubin leƙe ba ya aiki sai ɓangaren da ake kallo ya fi ɓangaren mai kallo haske sosai. Masu ƙera shi kan ce a sami kamar ninki 8. To sai a juya masa lissafi. A kashe kwan ɗaki da na banɗaki da talabijin, a ja labule, a sa tawul a ƙasan ƙofa. A manna bakin tocila a jikin gilashin, ba daga nesa ba, a kare gefen ido da tafin hannu, a kusantar da fuska har goshi ya taɓa madubi. Madubin kirki ba abin da zai nuna sai hasken da ke dawowa. Na leƙe zai buɗe kamar taga: za a ga rami, ko katako, ko waya, ko ɗaki. A bi shi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar taƙi ɗaya kowane motsi, don wurin da aka kankare ƙarami ne, gaggawa tana tsallake shi.

Kada baƙin tabo ya tsorata su. Damshin banɗaki yana cin shafin madubi, sai ya yi baƙi-baƙi, amma daga gefe yake farawa kuma ba shi da siffa, kamar taswira. Ɗigo guda zagayayye, tsaf, a tsakiya ko a sama inda yake fuskantar gado ko shawa, shi ne abin tsayawa a kai.

Sai yadda aka kafa shi. Wanda aka rataya a ƙusa, a ɗaga shi a leƙa baya, magana ta ƙare. Wanda aka liƙa da gam ko aka ɗaure da sukuru huɗu, a ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa: in bango ne a baya sauti zai fito a toshe, in rami ne zai yi amo kamar an buga ƙwarya. Shi ma wannan alama ce kawai, don madubin da aka ɗora a kan firam na katako yana amo ba tare da wani mugun abu ba. Sannan su fita su zagaya su ga me ke bayan bangon. In bangon waje ne na bulo inci 9 da ke kallon tsakar gida, ba inda mutum zai tsaya. In sito ne a kulle, ko wani lungu da ba a san amfaninsa ba, a nemi a buɗe ko a canza ɗaki.

Abu ɗaya da ake mantawa: tagogin alminiyon masu gilashi mai sheƙi, shuɗi ko ruwan ƙasa, da suka cika gine-ginenmu yanzu, su ma madubin leƙe ne. Da rana na waje ba ya ganin ciki. Da dare in an kunna kwai a ɗaki sai abin ya juye: na ciki tana ganin hoton kanta a taga ta ɗauka a rufe take, na waje kuwa yana ganinta ƙarara. A gaya wa 'yanmatan su ja labule tun magariba, musamman a ɗakunan ƙasa.

Injiniya Ɗan Kabi:

Barka da hidima Hajiya. Abin da Mai Gilashi ya faɗa daidai ne, sai dai a sani madubin leƙe aiki ne mai wahala, sai an fasa bango an tanadi wurin tsayawa. Mai mugun nufi a yau kyamara yake saye, don haka a ba ta kaso mafi yawa na lokacin bincike. A watan Maris na 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu sun bankaɗo wasu da suka ɗauki bidiyon baƙi kusan 1,600 a ɓoye a ɗakuna 42 na otal 30, suna watsawa kai tsaye a intanet ga masu biyan kuɗi. Ba madubi ko ɗaya a ciki. A akwatin talabijin da soket ɗin bango da maƙalin na'urar busar da gashi aka dasa su, idon kyamarar milimita 1 kacal.

Kyamara tana da buƙatu uku da ba ta iya gudu: wuta, wurin hango abin da take so, da hanyar ajiye ko tura hoto. Da su ake farautarta.

A fara da wurin hangowa. Mutum ya zauna a bakin gado, ya tsaya gaban wadirob inda ake canza kaya, ya tsaya a ƙarƙashin shawa, a kowane wuri ya tambayi kansa: mene ne ke kallona daga nan? Abin da ba ya kallon waɗannan wurare uku ba shi da muhimmanci sosai. Sai wuta. 'Yan ƙananan masu batir awa kaɗan suke yi su mutu, saboda haka wadda aka dasa don ta daɗe yawanci tana jone da wayar wuta. Shi ya sa ake samunsu a kan caja da aka "manta" a soket, a jikin soket ɗin kansa, a ekstenshan, a agogon tebur, a kwan fitila, a dikoda, a na'urar gano hayaƙi. A wurarenmu da ake yawan ɗauke wuta wasu suna da ɗan batir na ciki da ke riƙe su kafin a tayar da janareto, don haka ɗauke wuta ba ya nufin ta kwanta.

Duk wani abu da ke jone wanda ba a buƙata, a zare shi a sa a durowa. Kan caja na bogi yakan fi na gaskiya nauyi, yana ɗumi ko ba a jona masa waya ba, fuskarsa baƙar roba ce mai sheƙi da ɗan rami kusa da bakin USB, a bayansa kuma sau da yawa akwai murfi da ke ɓoye wurin katin memori. Na'urar gano hayaƙi a kwatanta ta da na sauran ɗakuna da na baranda. In a ɗaki ɗaya kaɗai take, kuma daidai saman gado, a tambaya. Silin na POP a duba gefen fitilun da aka nutsar a ciki da bakin ramin da ake shiga sama, a nemi huji mai girman kan allura.

Yanzu tocila, amma ba yadda aka yi wa madubi ba. Idon kyamara yana mayar da haske ne kai tsaye inda ya fito, to dole tocilar ta kasance dab da idon mai dubawa, a jikin kunci ko gefen goshi. In aka riƙe ta a ƙugu ba za a ga komai ba, kuma wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi. A kashe wuta, a tsaya nisan mita 1 zuwa 3 daga bango, a bi da haske sannu sannu. Gilashin kyamara yana ba da ɗigon ƙyalli mai shuɗi ko shunayya, wani lokaci kore, saboda shafin da ke jikinsa. Kan sukuru da tayil suna ƙyalli su ma, amma nasu fari ne. A maimaita daga wurare uku ko huɗu a ɗakin. Leƙawa ta cikin kwalin takardar banɗaki da ido ɗaya yana taimakawa wajen tattara hankali.

Sai masu gani a duhu. Suna da ƙananan fitilun infirared, wasu na nanomita 850 da ke yin ja-ja kaɗan in an ƙura ido a duhu, wasu na 940 da ido ba ya gani sam. Kyamarar waya tana iya gani, amma ba kowace ba. A gwada tukuna: a ɗauki rimot ɗin talabijin ko na AC, a fuskantar da kansa ga kyamarar wayar, a danna maɓalli. In an ga haske fari ko ruwan hoda yana ƙyaftawa a allo, wannan kyamarar za ta yi aiki. A wayoyi da yawa, har da iPhone, ta baya tana da matatar da ke tare wannan hasken, ta gaba ce ke gani. Da wadda ta ci gwajin za a zagaya ɗaki a cikin duhu sosai, a jira kamar daƙiƙa goma bayan kashe wuta don fitilun su kunna kansu. 'Yar baƙar tagar da ke gaban AC da talabijin da dikoda ta karɓar saƙon rimot ce, ba ta fitar da haske. In ta fitar, a duba ta da kyau.

Ta ɓangaren intanet, a buɗe jerin Wi-Fi a waya a tsakiyar ɗaki. Yawancin 'yan ƙananan kyamarori suna buɗe nasu layin, sunansa dogon jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana. In irin wannan ya cika sanduna a cikin ɗaki ya ragu a baranda, akwai abin nema. Manhajar Fing kuma tana jera na'urorin da ke kan layin otal ɗin da sunan kamfaninsu. Ganin Hikvision ko Dahua, masu ƙera kyamarar tsaro, a jerin ba laifi ba ne, ƙila na ƙofar shiga da wurin ajiye motoci ne. Rashin ganin komai kuma ba wanke ɗaki ba ne: wadda ke ajiya a kati ba ta hawa layi, wadda ke da sim nata ma haka.

Abu Hanifa, Kalgo:

Injiniya, an ce in ka kira wani a waya kana zagaya ɗaki, inda sauti ya fara tsatsa nan kyamara take. Akwai kuma manhajojin da ake saukewa masu ƙara in an kusanci kyamara. Ba su fi duk wannan sauƙi ba?

Injiniya Ɗan Kabi:

Malam, kada a dogara da su. Kiran waya da Wi-Fi ba sa shiga juna yadda za ka ji a kunne, in sauti ya tsatsa sabis ne ya yi rauni. Manhajojin nan kuma da na'urar kamfas ta cikin waya suke aiki, maganaɗisu suke ji, don haka za su yi ƙara a kan lasifika da fanka da rodin cikin bango, su yi shiru a gaban kyamara mai jikin roba. Ko na'urar gano sigina da ake saya a kasuwa sai an kashe duk wayoyin da ke ɗakin an rage ƙarfin jinta, in ba haka ba kukan banza za ta yi ta yi, kuma ba ta jin mai ajiya a kati. Abin da ke da amfani a jikinta shi ne jar tagar leƙawa mai fitilu kewaye, wadda aikin tocila a gefen ido take yi.

Inna Kulu, mai kula da ɗakunan baƙi:

Yaya, Allah ya ba su zaman lafiya. An yi maganar na'urori, ni zan ƙara ta ƙofa da bango, don mai leƙe ba kullum yake da kuɗin kyamara ba.

Idon ƙofa, ɗan gilashin nan da ake leƙa mai ƙwanƙwasawa: a leƙa daga ciki, a fita a leƙa daga waje. Daga ciki ya kamata a ga baranda a faɗaɗe, daga waje a ga dishi-dishi kawai. In akasin haka ne an juya shi. In yana motsi a hannu ko an cire gilashin ya bar rami, a nemi wani ɗaki. Ta nan aka ɗauki bidiyon 'yar jaridar wasannin nan ta Amurka, Erin Andrews, a 2008, har kotu ta yanke a biya ta dala miliyan 55 a 2016. Ko lafiyarsa ƙalau a cusa masa tishu ko a manna salatef daga ciki. Ramin makulli na tsofaffin ƙofofi ma haka.

Ƙofar da ke haɗa ɗaki biyu a tabbatar sakatarta tana ɓangarenku, a duba ƙasanta da gefen firam. A banɗaki a kashe wuta da rana a tsaya minti ɗaya: duk inda zaren haske ya shigo, ido ma zai shigo. Wuraren su ne gefen bututun ruwa inda ya ratsa bango, ramin fankar fitar da iska, 'yar tagar sama da ke kallon lungu, da bangon da bai kai silin ba. Tsofaffin ɗakunan da aka cire AC na taga aka toshe ramin da katako, a tura katakon a gani ko yana ɗagawa. Maratayin kaya na roba a bayan ƙofar banɗaki, in ya yi kauri fiye da kima kuma yana da huji a samansa, a cire shi.

A nemi ɗakunan matan su zama a jere, a sama in akwai bene, ɗakin wani babba daga cikin dangi a bakin layin.

Barista A., Birnin Kebbi:

Ranki ya daɗe, saura abin yi in an samu. A nan ake yawan ɓata shari'a da hannun wanda aka zalunta.

Kada a fasa, kada a zare katin, kada a miƙa wa manaja. A ɗauki bidiyo guda ba yankewa, daga lambar ƙofa a shigo har inda abin yake. A kira shaidu biyu su gani a wurinsa. A rufe idon da tawul ko salatef, a kwashe mata da kayansu, mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa, a kira 'yan sanda ko a buga 112. Rasit ɗin biyan kuɗi da alat na banki a adana su, su ne hujjar cewa ɗakin a hannunku yake a ranar. In aka zare na'urar aka tafi da ita ofishin 'yan sanda a aljihu, abu na farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai ce shi ne ku kuka zo da ita.

Kada kowa ya buɗe katin "don a ga abin da ke ciki". Tsiraicin wasu bayin Allah ne a ciki, kuma wanda ya tura wa wani ya shiga laifin shi ma.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba da damar kai ƙorafi ga hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, a kan wanda ya tattara hoton mutum ba da izininsa ba, dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 kuma ta shafi mai yaɗa irin waɗannan hotuna ko mai barazana da su don a ba shi kuɗi. A addini ma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Amma ayar nan ɗaya ta fara ne da hana yawan zato, saboda haka kada a sa sunan masauki a Facebook kafin jami'ai su tabbatar. Sau da dama mai wurin bai ma sani ba, wani ma'aikaci ne ko baƙon da ya kwana kafin ku, kuma ɓata suna ba hujja yana iya juyar da ƙarar kanku.

Maman Sadiya, Birnin Kebbi:

Allah ya saka muku da alheri, na kwafe duka na tura wa yaron. Tambaya ta ƙarshe: da rana za su je ko da dare, kuma sau ɗaya ya isa? Baƙin kwana uku za su yi.

Injiniya Ɗan Kabi:

Su je da la'asar sakaliya, Hajiya, bayan an ba su makullai, ba ranar da za a biya kuɗi ba. Da sauran hasken rana su yi na Inna Kulu, wato hujin banɗaki da ƙofofi da bayan bango. Magariba na yi su koma na madubi da tocila da kyamarar waya, ɗayansu kuma ya fita waje ya kalli tagogin an kunna kwai. Minti 15 zuwa 20 kowane ɗaki ya isa, ɗaki shida kusan awa biyu ke nan. Su riƙe tocila mai ƙarfi mai farin haske, don ta waya tana bajewa da yawa a gwajin madubi, da baƙin salatef na masu wayarin, da wayoyi biyu a cike da caji.

In sun gama su ɗauki hoton kowane bango da silin. Kullum bayan masu shara sun fita, ko wani ya shigo gyaran AC ko famfo, a kwatanta ɗakin da hoton, minti biyu ne. Sabon kan caja, ko kwan da aka canza alhali na da bai mutu ba, ko agogon da babu shi jiya, a zare shi a tambaya. Mai gyara kuma kada ya shiga ɗakin mata sai da wani namiji daga cikin dangi tsaye a kansa har ya gama.